Wardin Ɗa'ifa

Makka gari ne mai zafi ƙwarai. Tana cikin kwari, duwatsu sun kewaye ta ta ko wace fuska. Da bazara zafin rana ya kan wuce digiri 40. Ruwan sama kuwa kaɗan ne, abin da a ke samu a shekara bai fi inci 4 ko 5 ba, watau ruwan da Kano ta ke samu a damina ɗaya ya ninka na Makka fiye da sau biyar. Saboda haka tun zamanin da an san mutanen Makka da fatauci, abincinsu kuwa daga waje a ke kawo musu.

Amma in mutum ya bar Makka ya nufi gabas, ya yi tafiyar kamar mil 55, ya hau duwatsun da a ke kira Sarawat, sai ya iske wata ƙasa dabam. A nan birnin Ɗa'ifa ya ke. Yana bisa tudu, tsayin tudun kamar ƙafa 6,000 ne daga bakin teku, Makka kuwa ba ta kai ƙafa 1,000 ba. Wanda ya san Nijeriya sai ya tuna da Jos, inda a ke shan iska mai sanyi a lokacin da mutanen Kano su ke fama da gumi. To, Jos kamar ƙafa 4,000 ce, Ɗa'ifa ta fi ta tsayi nesa. Don haka ne attajiran Makka su ke hawa can da bazara, sarakunan ƙasar ma a da haka su ke yi. A Ɗa'ifa ne Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa mulkin Saudiyya, ya rasu a shekarar 1953.

Ɗa'ifa ita ce lambun Makka. Ana noman inabi, da rumman, da ɓaure, ana kuma kiwon zuma. Noman ya daɗe, gama har yanzu akwai wata madatsar ruwa kusa da birnin wadda aka gina wa Halifa Mu'awiya a shekara ta 58 bayan Hijira, watau wajen 678, rubutun da aka sassaƙa a jikin dutsenta yana nan ana karantawa. Amma cikin dukan abin da a ke nomawa a can, babu wanda ya kai wani fure suna. Shi ne wardi.

Sunansa da kamanninsa

Kalmar nan wardi daga Larabci Hausawa suka aro ta, kamar yadda suka aro almiski, da kirfa, da kanumfari. Galibin Hausawa sun san sunan a bakin masu sayar da turare tun ba su ga itacen ba, domin ba ya son zafin ƙasar Hausa, sai dai a Jos ko a lambun wani mai sha'awa. In Bahaushe ya ce ruwan wardi, yana nufin ruwan ƙanshi da a ke samu daga furen. In ya ce man wardi, yana nufin turaren kansa.

Itacen gajere ne mai rassa da yawa, tsawonsa ba ya wuce tsayin mutum sosai, jikinsa duk ƙaya. Furensa ja-ja ne mai haske, tsakanin ja da fari. Wardin jeji ganyen furensa biyar ne tak, amma na Ɗa'ifa ya kan yi kamar talatin, shi ya sa masana ilmin tsire-tsire suka sa wa irin suna da Latin mai ma'anar ganye talatin. Sau ɗaya ya ke fure a shekara, daga watan Maris zuwa Afril, kwana arba'in ko abin da ya fi haka kaɗan. In ka ajiye shi kusa da manyan furannin da Turawa su ke sayarwa a kantuna, ba za ka ce ya fi su kyau ba. Ƙarami ne, yana saurin yaushi, in an tsinke shi da safe kafin la'asar ya lanƙwashe. Darajarsa duka tana cikin ƙanshinsa.

Asalinsa

Akwai wardin jeji iri fiye da ɗari a duniya, kusan dukansu a ƙasashen arewa masu sanyi. Amma ko an bi dazuzzukan duniya duka ba za a sami wardin Ɗa'ifa ya tsiro da kansa ba, gama shi ruwa biyu ne. Hausawa su kan ce ruwa biyu ga abin da iyayensa ba iri ɗaya ba ne. Alfadari misali ne, ubansa jaki, uwarsa goɗiya. Haka ya ke ga tsire-tsire. Cikin ko wane fure akwai wani gari mai laushi, rawaya-rawaya, wanda ƙudan zuma ya ke kwasa a jikinsa in ya zo shan zaƙi. In ya ɗauki garin wani iri ya kai kan furen wani iri da ke kusa da shi a dangi, ƙwayar da za ta fito ta gaji gida biyu ke nan.

Dangin da wardin Ɗa'ifa ya fito ciki sunansa wardin Dimashƙa, masana suna ce masa Rosa damascena, don Turawa sun ɗauka daga babban birnin Sham aka kai musu shi. An daɗe ana gardama a kan iyayensa. A shekarar 2000 waɗansu masana a Japan suka binciki ƙwayoyin halittarsa, suka tarar ashe ma ruwa uku ne. Na fari shi ne Rosa moschata, farin wardi mai ƙanshin almiski, wanda aka sani daga Farisa zuwa gindin duwatsun Himalaya. Na biyu Rosa gallica, jan wardi na kudancin Turai da ƙasar Turkiyya. Waɗannan biyu suka fara haɗuwa. Sa'an nan ɗansu ya sami garin fure daga na uku, Rosa fedtschenkoana, wanda ke fitowa a duwatsun tsakiyar Asiya, aka kuwa sa masa sunan wata Barashiya masaniyar tsire-tsire, Olga Fedchenko.

Abin lura a nan shi ne, gidajen waɗannan iri uku suna nesa da juna. Kafin su haɗu, sai da mutane suka ɗauki waɗansunsu daga ƙasa zuwa ƙasa suka dasa a lambu. Watau fatake da masu sha'awar fure su ne suka yi dalilin auren, ƙudan zuma ya ɗaura. Wani mai lambu kuma, wanda ya rasu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ya lura da cewa wannan ɗan itace ya fi 'yan'uwansa ƙanshi, ya keɓe shi.

To, ga inda wahala ta ke. Abin da ya ke ruwa biyu ba ya haifar kamarsa. In ka shuka ƙwayar wardin nan, abin da zai fito zai iya komawa wajen kakansa na fari, ko na biyu, ko ya zama wani abu dabam maras ƙanshi. Manoman ƙasar Hausa sun san haka ga mangwaro mai aure. Sau da yawa mutum ya kan sha mai daɗi, ya binne ƙwallon, bayan shekara shida ya sami mai tsami da zare. Hanyar da za a riƙe iri yadda ya ke ita ce a yanki reshe a dasa, kamar yadda a ke yi wa rogo da rake. Reshen nan ba ɗa ba ne, itacen fari ne ya ci gaba da rayuwa a wani wuri. Binciken da aka yi a shekarun 2004 da 2005 ya nuna wardin da a ke nomawa don turare a Bulgeriya da wanda a ke nomawa a Turkiyya duk tushensu guda ne, ko da ya ke gonakin sun kai dubbai.

Yadda ya zo Ɗa'ifa

Labari ya kasu a kan hanyar da ya biyo. Waɗansu sun ce Turkawa ne suka kawo shi bayan da Hijaz ta shiga hannun Daular Usmaniyya a 1517, hujjarsu kuwa ita ce kamarsa da wardin Kazanlak na Bulgeriya, wadda ita ma a lokacin tana ƙarƙashin Turkawa. Waɗansu sun ce daga Farisa ko Indiya alhazai da fatake suka zo da shi. Farisa dai tsohuwar gida ce ga wannan sana'a. Ibn Haldun ya ambata cewa a zamanin Halifa Ma'amun, cikin harajin da lardin Farisa ya ke aikawa Bagadaza ko wace shekara har da kwalba 30,000 ta ruwan wardi.

Abin da ya tabbata shi ne, a shekarar 1814 wani matafiyi mutumin Suwizalan, Burckhardt, ya sauka a Ɗa'ifa, ya rubuta cewa lambunanta sun yi suna da yawan wardi, ana kuwa kai shi ko ina cikin Hijaz. Mutanen garin suna ba da labari cewa a da furen a ke ɗura wa a buhu, a ɗora wa raƙuma, a gangara da shi Makka, inda Indiyawa masu haɗa turare su ke dafa shi su kama ƙanshinsa cikin man sandal. Daga baya aka ga furen yana lalacewa a hanya, sai aka kai tukwanen can bisa dutse kusa da gonaki. Wannan ya yi kamar shekara ɗari biyu.

Nomansa

Galibin gonakin suna Hada, a kan hanyar Makka, da Shafa, kudu da birnin, inda tudun ya fi tsayi, da kuma cikin kwaruruka irin su Wadi Mahram. Ƙasar duwatsu ce, don haka a kan jera duwatsu a yi katanga, a cika bayanta da ƙasa, gonaki su zama hawa-hawa kamar matakala. Katangar nan ita ke hana ruwan sama ya kwashe ƙasa in ya gangaro.

Da sanyi a ke dashe. Manomi ya kan zaɓi reshe mai ƙwari daga itacen da ya san halinsa, ya yanka, ya kafa a ƙasa mai taki, ya riƙa ba shi ruwa har ya yi saiwa. Wata dabara kuma ita ce a lanƙwaso reshe tun yana jikin uwarsa, a binne tsakiyarsa, in ya kama sai a raba su. Sabon dashe ba ya ba da fure na kirki sai ya shekara uku ko kusa da haka, amma in ya kafu ya kan yi shekaru masu yawa yana bayarwa.

Wardin nan yana bukatar sanyi kamar yadda ya ke bukatar ruwa. Da hunturu ya kan tsaya da girma, ya huta. A lokacin nan, wajen Disamba da Janairu, a ke datse rassansa, a cire matattu, a rage masu tsawo, sa'an nan a zuba takin tumaki da na awaki, a ba shi ruwa. Dalilin datsewar shi ne, a kan sabon toho furen ya ke fitowa. Itacen da aka bari bai sha wuƙa ba sai ya yi duhu, ya cika da ƙaya, furensa ya ragu. Da a ce za a dasa shi a Makka, inda babu sanyin da zai sa shi hutawa, da wuya ya yi abin kirki ko da an ba shi ruwa kullum.

Ban ruwa daga rijiyoyi a ke yi, kamar noman lambu a ƙasar Hausa. Da ana jan ruwan da dabbobi, yanzu inji ke ja.

Tsinka da dahuwa

In Maris ya kama, aiki ya tashi. Hausawa sun ce da sanyin safiya a ke kama fara. Haka masu wardi su ke yi. Da an sallame sallar asuba sai a shiga gona da kwanduna, maigida da 'ya'yansa da 'yan ƙodago, a yi ta tsinka da hannu ɗaya bayan ɗaya, kafin hantsi an tashi. Furen da asuba ya ke buɗewa, man da ke cikinsa kuwa mai saurin tashi ne, da rana ta yi zafi sai ya bi iska. Furen da aka tsinka da azahar ya rasa kashi mai yawa na mansa. Gobe kuma waɗansu sababbi za su buɗe, a sake komawa. Haka za a yi ta yi ba fashi har kwana arba'in ɗin su cika.

Da dubu a ke cinikin furen. Ba a tsayawa ƙidaya shi ɗaya ɗaya, sai a aza a ma'auni, tun da an san nauyin dubu. Daga nan sai a wuce da shi ma'aikata a ranar, tun bai yi zafi a cikin buhu ba.

Mai karatu ya san in an dafa ruwa a tukunya aka rufe, tururi ya kan taru a jikin murfi ya koma ruwa. Wannan shi ne asirin aikin duka. Ana da manyan tukwane na jan ƙarfe, an gina su cikin murhu. A kan zuba fure 10,000 zuwa 15,000 a tukunya ɗaya, a ƙara ruwa, a kife ta da wani murfi mai kama da ƙwarya, a liƙe bakin don kada tururi ya tsere. Daga murfin akwai bututu wanda ya ratsa ta cikin kwatarniyar ruwan sanyi. In aka hura wuta, tururi ya kan tashi ɗauke da man furen, ya bi bututu, sanyi ya buge shi, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga cikin wata ƙatuwar kwalba mai siririn wuya. Da itace a ke hura wutar a da, yanzu galibi da gas. Wutar kuwa sai a hankali, sa'o'i da yawa, gama in ta yi yawa sai ƙauri ya shiga turaren. Dabarar tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 9 akwai littafin haɗa turare da a ke danganta wa Alkindi, masanin Bagadaza, wanda ya bayyana irin wannan dahuwa.

In kwalba ta cika aka bar ta ta kwanta, sai man ya taso bisa, kamar yadda man gyaɗa ya ke tasowa a kan ruwa, ya taru a wuyan kwalbar. A nan a ke zuƙe shi da sirinji a hankali. Abin da tukunya guda ta ke bayarwa bai fi tola ɗaya ba. Tola ma'auni ne na Indiya, nauyin tsohon kuɗinsu na azurfa, watau giram 12 ba kaɗan. A sauran ƙasashe lissafin ɗaya ne, sai an dafa kilo 3,000 zuwa 4,000 na fure kafin a sami kilo ɗaya na mai.

Ruwan da ya rage a kwalba shi ne ruwan wardi, shi ma hawa uku ne. Wanda ya fara ɗigowa ya fi ƙarfi, Larabawan Ɗa'ifa suna ce masa al'arus, watau amarya. Na biyu suna ce masa assinu, na ƙarshe kuma assayir, shi ne na yau da kullum. Akwai abin mamaki a nan. Ƙanshin ruwan ya fi na man kama da ɗanyen fure. Dalili kuwa, ɗaya daga cikin sinadaran da ke ba furen ƙanshi yana narkewa cikin ruwa, saboda haka ba ya tasowa tare da man.

A shekarar 2021 an ƙiyasta gonakin wardi a Ɗa'ifa sun fi 800, furen da su ke bayarwa a shekara kuwa kamar miliyan 300. In muka raba wannan da 12,000, za mu sami tola 25,000. Watau ko da an dafa furen duka don mai, abin da za a samu bai kai kilo 300 ba, nauyin buhun gero uku ke nan. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan ne ya sa tola ɗaya ta mai na ainihi ta kan wuce riyal 1,000.

Amfaninsa

Babban abin da ya ɗaukaka wardin Ɗa'ifa shi ne wankin Ka'aba. Ko wace shekara cikin watan Muharram a kan buɗe ƙofar Ɗakin. Mabuɗin yana hannun zuriyar Bani Shaiba, waɗanda aka tabbatar musu da riƙonsa tun ranar da aka ci Makka a shekarar 630. Gwamnan Makka ko mataimakinsa ya kan shiga a madadin Sarki, tare da manyan baƙi. A kan gauraya ruwan Zamzam da ruwan wardi, a tsoma fararen ƙyallaye, a goge bangon ciki, a wanke daɓe, a tsane, sa'an nan a shafe bangon da man wardi da turaren ud.

A gidajen Hijaz kuma a kan ɗiga ruwan wardi cikin ruwan sha, da shayi, da kayan zaƙi, a kan kuma yayyafa wa baƙi a hannu. Man kuwa, da ya ke babu giya a cikinsa, masu zuwa masallaci suna sonsa ƙwarai. Alhazan ƙasar Hausa in za su komo gida su kan sayo tsaraba, dabino, da ruwan Zamzam, da tasbaha, da kwalli, da 'yan kwalabe na turare. Da yawa cikin kwalaben nan an rubuta musu sunan Ɗa'ifa.

Amma fa araha ba ta ado. Mun riga mun ga yawan man da ƙasar ta ke iya fitarwa, alhazai kuwa galibi su kan fi miliyan a shekara, ban da masu Umra. Ba shi yiwuwa ko wace kwalba mai arha ta zama ta ainihi. Masu algus su kan gauraya man da na waɗansu tsire-tsire masu kama da shi a ƙanshi, ko da wanda aka haɗa a ma'aikata. Akwai gwaji ɗaya da aka daɗe da sani. Man wardin da aka samu ta hanyar tururi yana da wani kakin halitta a cikinsa, in ya sha sanyi sai ya daskare kamar man shanu da hunturu, in an riƙe kwalbar a hannu ya narke. Wanda aka sa a wuri mai sanyi bai ko motsa ba, akwai magana a kansa. Ko da ya ke gwajin ba ya kama ƙwararren mai algus, gama shi ma ya san a ƙara kaki.

Abin da a ke tsoro

Ƙarfin wardin nan shi ne kuma rauninsa. Tun da ya ke da reshe a ke yaɗa shi, itatuwan gona kamar jiki ɗaya su ke. Cutar da ta iya kama ɗaya ta iya kama sauran. Turawa sun ga irin wannan a Ailan a shekarar 1845, sa'ad da talakawa suka dogara ga dankali kusan iri guda, wanda shi ma ba da ƙwaya a ke shuka shi ba. Cuta ta shigo ta ruɓar da shi, yunwa ta kashe mutum kamar miliyan ɗaya cikin 'yan shekaru.

Na biyu ruwa. Birnin Ɗa'ifa ya girma ƙwarai, har ruwan shansa daga Bahar Maliya a ke kawo shi, a tace gishiri a Shu'aiba, a tura shi bisa dutse ta bututu. Gonaki kuwa suna dogara ga rijiyoyi da ruwan sama, in aka yi fari sai rijiya ta ja baya. Na uku fili. Hada da Shafa su ne wuraren shan iska, mai gona ya kan ga in ya sayar da ita aka gina masauki zai sami abin da wardi ba zai ba shi ba cikin shekara ashirin. Gonar da aka zuba wa siminti kuwa ba ta komawa gona.

Akwai wani itacen ƙasar Makka da labarinsa ya isa ishara. Shi ne balasan, wanda Larabawa su ke kira basham, ɗan'uwan dashin ƙasar Hausa ne, wanda a ke shinge da shi. Ƙaronsa yana da ƙanshi, a da sarakuna suna aika wa juna da shi kyauta. Sarakunan Masar suna da wani lambu guda a Matariyya, kusa da Alƙahira, inda a ke renonsa da tsaro. Wajen shekarar 1496 aka yi yaƙi, lambun ya lalace. Aka aika Hijaz aka ɗebo sababbi aka dasa. Wajen 1615 na ƙarshensu ya mutu, sana'ar ta mutu tare da shi. Abin da ya sa aka iya maye gurbinsa karo na fari shi ne, balasan yana fitowa da kansa a duwatsun Hijaz. Wardin Ɗa'ifa kuwa ba shi da jejin da za a koma a ɗebo shi. In ya ƙare a gona, ya ƙare ke nan.

Nan ne amfanin masu tara iri ya ke bayyana. A garin Sangerhausen na Jamus akwai lambun da aka buɗe a 1903, inda aka tara wardi iri fiye da 8,000, da na jeji da tsofaffin irin da aka daina sayarwa a kasuwa. A Iran kuma masana sun tarar wardin Dimashƙa da ke ƙauyuka iri-iri ne, ba tushe guda ba kamar na Bulgeriya, suka tattara su a gonakin gwaji. Mai ganin irin wannan lambu zai ce sha'awa ce kawai ta masu hali. Amma ran da cuta ko fari ya zo, cikin waɗannan ne za a nemi mai jurewa. Manomin Hausa ya san wannan tun kaka da kakanni. Ya kan ware zangarniya mafi kyau ya rataye, ko yunwa ta matsa ba ya taɓa ta, don ita ce iri. Ba ya kuma shuka abu ɗaya, sai ya haɗa gero da maiwa, farfara da kaura, in wannan ya ƙi wancan ya yi.

A watan Disamba na 2024, a taron da aka yi a Asunsiyon ta ƙasar Paraguwai, hukumar UNESCO ta sa al'adun wardin Ɗa'ifa cikin jerin abubuwan gadon 'yan Adam da ya kamata a kiyaye, kamar yadda ta sa na ƙauyen Marah a Sham a 2019. Ana kuma yin bikin wardi a birnin ko wace shekara lokacin tsinka. Waɗannan sun ƙara wa furen suna da masu saye. Sauran aikin yana hannun manomi, wanda zai datse reshe da sanyin Janairu, ya tashi da asuba kwana arba'in a jere, ya kuma koya wa ɗansa yadda a ke zaɓen reshen dashe.